Taurarin Michelin da tukunyar baƙi a Paris

Duk wanda ya sauka birnin Paris yana neman inda zai ci abinci, littafin da za a fara ambata masa shi ne Guide Michelin, mai jan bango. Ba masu dafuwa suka ƙirƙiro shi ba. Wa da ƙane ne, André da Édouard Michelin, masu masana'antar tayar mota a Clermont-Ferrand, suka fito da shi a 1900, suna raba wa direbobi kyauta domin su san inda za su sami mai, makaniki da masauki. Sai a 1920 aka sa masa kuɗi, a 1926 aka soma ba gidajen abinci tauraro, a 1931 kuma taurarin suka kai uku.

Wannan asali bai rabu da littafin ba. Da tsawon hanya yake auna daɗi: tauraro ɗaya na nufin abinci mai kyau a ajinsa, biyu ya cancanci a ratse dominsa, uku ya isa a yi masa tafiya takanas. Ke nan da mai mota ake magana, wanda tayarsa za ta cinye a hanya, ba da mazaunin unguwar da yunwa ta kama da azahar ba.

Akwai abin yabo, kuma ba ƙarami ba ne. Masu bincikensa ba su bayyana kansu, su ke biyan kuɗin abin da suka ci, kuma sukan koma wuri fiye da sau ɗaya kafin a yanke hukunci. Yawancin masu yabon gidajen abinci a jaridu da intanet ba su da wannan kamun kai. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Amincin nan ne ya ba tauraron nauyi, har ya zama kaya a kan masu shi. Bernard Loiseau ya kashe kansa a 2003 ana cikin raɗe-raɗin zai rasa tauraronsa na uku, Sébastien Bras kuwa a 2017 da bakinsa ya roƙi a cire shi daga littafin.

Aibinsa yana wajen abin da ya yi shiru a kai. Cikin sharuɗɗan da Michelin ya ce yana dubawa akwai ingancin kayan miya, gwanintar mai dafuwa, da kuma ɗorewa, wato abincin yau ya zama daidai da na jiya. To, a unguwannin Château-Rouge da Goutte-d'Or, da gidajen kwanan ma'aikata baƙi na Montreuil, mata ƴan Mali da Senegal sun yi shekaru suna dafa miyar gyaɗa da shinkafa da kifi a manyan tukwane, ga mutanen da suka san ɗanɗanon tun suna goye, waɗanda ba su yafe gishirin da ya zarce. Wace jarrabawa ta fi wannan tsanani? Amma taurarin ba su sauka can ba. Da abincin Afirka ta Yamma ya sami tauraro a Paris a 2021, ta hannun Mory Sacko ne, ɗan asalin Mali, a gidansa MoSuke, inda ya haɗa shi da dabarun Japan da na Faransa. Gwani ne, babu musu. Sai dai mai karatu zai iya zaton miyar gyaɗa ba ta isa kallo ba sai ta sa kwat.

Kuma ba a ce littafin bai iya sunkuyawa ba: a 2016 ya ba wata rumfar shinkafa da kaza tauraro a Singafo, a bugun 2018 ya ba Jay Fai, mai suya a bakin titin Bankok. Abin da ya yiwu a Asiya har yanzu bai yiwu a arewacin Paris ba.

Landan ta ɗan matsa gaba. A 2024 Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta sami tauraro a gidanta Chishuru, kuma cikin abin da ta gabatar wa masu cin abincinta har da sinasir, da sunansa na Hausa. Malamin da ya je taro Paris da guzirin kwana biyar kuwa, gara ya duba alamar Bib Gourmand da aka ƙara a 1997 domin wuraren masu sauƙin farashi, ko ya tambayi ɗan taksi inda shi yake cin nasa.