Jarida da Mai Karatunta: Waiwaye a kan Jaridun Karkara na Adar

A cikin watan Maris na shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, aka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu sun yi marhabin da wannan mataki, kuma sun cancanci yin murna, domin sun daɗe suna fafutuka a kansa. Sai dai doka tana iya ɗaga darajar harshe, amma ba ta iya tilasta wa manomin Tebaram ya ciro dala goma daga aljihunsa ya sayi takarda. Harshen da za a yi mulki da ilimi da shi yana buƙatar jama'a masu karanta shi kullum da son ransu. Ƙasar Adar ta taɓa gwada samar da irin wannan jama'a, kuma ya kamata a dubi abin da gwajin ya haifar kafin a sake ɗaura ɗamara.

Gwajin farko

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, a daidai lokacin da aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo a 1962. Ma'aikatan yaƙi da jahilci ba su jima ba suka gane cewa dattijon da ya koyi baƙaƙe a cikin rani ɗaya yakan manta da su kafin wani rani, muddin bai samu abin karantawa ba. Daga nan aka fito da ƙananan jaridu cikin harsunan gida, ana buga su da keken rubutu, a yawaita su da injin murzawa. Jahar Tawa tana cikin waɗanda suka riga kowa. A cikinta aka fitar da Sabon Ra'ayi a tsakiyar shekarun 1960, wadda ake lissafawa cikin jaridun karkara na farko a Afirka ta Yamma, shekaru kafin ƙasar Mali ta fitar da Kibaru cikin harshen Bambara a 1972. An kuma samu Tarmamun Adar a Tawa, Muryar Damagaram a Damagaram, Ƙasa Mai Albarka a Maraɗi, da kuma Ganga wadda ake tsarawa a Yamai.

Wajibi ne a yaba wa waɗanda suka yi wannan aiki. Sun nuna cewa ana iya bayanin maganin ƙwari, da rigakafin ƙyanda, da lissafin ƙungiyar manoma, cikin Hausar da Ba'adare yake ji, ba tare da tafinta ba. Sun ba mutumin ƙauye damar ganin harshensa a bisa takardar hukuma, a zamanin da duk abin da ya fito daga ofis Faransanci ne. Duk da haka, jaridun ba su bar zuriya ba. Babu wadda ta zama abin da ake jira ranar kasuwa, ake cigiyarta in ta makara. Tambayar da ta dace da mai nazari ita ce dalilin haka.

Ɗalibi da mai karatu

Kuskuren farko yana cikin yadda jaridun suka ɗauki wanda suke yi wa rubutu. Sun ɗauke shi ɗalibi, wato mutumin da ake gyara wa tunani, alhali jarida tana rayuwa ne da mai karatu, wato mutumin da ake neman yardarsa. Ɗalibi yana karɓar abin da aka ba shi saboda malami yana tsaye a kansa. Mai karatu kuwa yana da zaɓi, in ya ga dama ya naɗe takardar ya ƙunsa taba da ita. Mafi yawan abin da ke cikin jaridun wa'azin ma'aikata ne: a tace ruwa, a shuka iri kaza, a biya bashin ƙungiya. Nasihohin suna da amfani, amma ba wanda yake ɗokin wata ya kama don a sake yi masa faɗa.

In aka kwatanta da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, bambancin yana fitowa sarai. Ita ma hukuma ce ta kafa ta, hukumar mulkin mallaka ma, kuma da manufar kashe jita-jita a jajibirin yaƙin duniya na biyu. Amma editanta na farko, Abubakar Imam, ya riga ya san abin da ke riƙe kunnen Bahaushe tun daga Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Ya cuɗanya labari da raha da karin magana, ya buɗe fili ga wasiƙun jama'a, har mutum ya riƙa sayen jaridar don ya ga ko sunansa da na garinsu sun fito. Sunan jaridar kansa talla ne: ya faɗi farashinta, ya kuma yi alkawarin cewa abin da ke ciki ya fi kuɗin da aka biya. Wanda ya ga wasiƙarsa a buge ya zama wakilin jaridar a garinsu ba tare da an biya shi ko anini ba.

Alkawarin lokaci da hanyar isowa

Abu na biyu shi ne lokaci. Amana tsakanin jarida da mai karatu tana ƙulluwa ne bisa alkawari ɗaya: ranar kaza za ta zo. Jaridun karkara sun dogara da kasafin ma'aikata da tallafin ƙungiyoyin waje, saboda haka sukan fito in takarda da tawada sun samu, su ɓace in sun ƙare. Faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980 ta tsuke aljihun gwamnati, sannan karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, har da takarda. Waɗannan uzurori ne na gaskiya. Amma sun yi wa jaridun illa mai tsanani ne saboda ba su da wani jingina a wajen masu karatu. In shiri ya ƙare, jarida ta bi shi, babu wanda ya zo ofis ya yi ƙorafi.

Hanyar rabawa ma ta bi layin ma'aikata: daga ofishin jaha zuwa na gunduma, daga nan zuwa cibiyar yaƙi da jahilci. Cibiyoyin kuwa na rani ne, da an yi ruwan shuka kowa ya nufi gona. Ga kuma halin Adar da kowa ya sani: da an gama girbi, samari da magidanta da yawa na Tebaram, da Afala, da Takanamat, da Bambay sukan tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Nijeriya, wasu Libiya ko Kamaru. Ke nan a lokacin da cibiya take buɗe, wani kaso mai yawa na waɗanda za su iya saye suna wata ƙasa. Su ne kuma suka fi kowa ƙishirwar labarin gida: yadda damina ta yi, kuɗin tiyar gero, wa ya rasu, wa aka naɗa. Jaridar da ta bi motar ƴan biɗa daga tashar Tawa za ta samu masu karatu masu kuɗi a hannu, masu kuma dalilin jira. Kasuwar mako-mako da tasha su ne jijiyoyin ƙasar, amma takardar ta tsaya a aji.

Rubutun da ya raba ƴan uwa

Akwai matsala ta uku wadda malamai suka fi kowa sani. Bayan taron Bamako na 1966, Nijar ta ɗauki ƙa'idar rubutu mai ninka dogon wasali, shi ya sa ake ganin sunan jaridar nan a rubuce Saabon Ra'ayii. Ta fuskar ilimin harshe ƙa'idar tana da hujja, domin tana sauƙaƙa wa mai koyo furuci. Ta fuskar samun masu karatu kuwa ta yi ɓarna, domin ta bambanta rubutun Nijar da na Zariya da Kano, inda littattafai suke da yawa. Sai a taron Yamai na 1980 aka kama hanyar daidaita rubutun ƙasashen biyu. Kafin nan, wanda ya koyi karatu a Madawa ya tarar da ɗan abin da aka buga masa kaɗan ne, kogin da ke kudu kuma da wata kama yake gudana.

Haka nan ba a ba ajami haƙƙinsa ba. A garuruwan Adar, masu iya karanta ajami ta hanyar makarantun allo sun riga masu boko, kuma su ne ake kai wa wasiƙar ɗan biɗa su karanta. A Kano an fitar da jaridar Alfijir da ajami a shekarun 1980 saboda irin waɗannan mutane. A arewacin Adar kuma ga Buzaye da rubutunsu na tifinag, ga Fulani makiyaya, dukansu suna cin kasuwa da Hausa. Wanda ya ce jama'a ba su iya karatu ba, sau da yawa abin da yake nufi shi ne ba su iya irin rubutun da ya zaɓa ba.

Darasin kasuwar Kano

A daidai lokacin da jaridun hukuma suke dusashewa, wasu matasa a Kano, maza da mata, suka samu ɗimbin masu karatu ba da tallafin kowa ba. Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino wanda littafinsa In Da So Da Ƙauna ya fito a farkon shekarun 1990, da abokansu na ƙungiyar Raina Kama, sun buga littattafansu da kuɗinsu. Masana sun yi ta gardama a kan ingancinsu, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu. Ko wane ɓangare mutum ya bi, dabarunsu abin nazari ne. Sun raba labari kashi-kashi, mai karatu ya ƙagu ya ga na biyu. Sun sa farashin da yarinya za ta iya tarawa, masu shaguna kuma suka riƙa ba da haya. Sun kai labaran gidajen rediyo ana karantawa, wanda bai iya karatu ba ya ji, ya sa a sayo masa. Sun sa adireshinsu a cikin littafi, suka riƙa tallata littattafan juna. Littattafan sun tsallako iyaka ta Ƙonni da Maraɗi suka shiga ɗakunan matan Nijar, inda jaridar ma'aikata ba ta taɓa leƙawa ba.

Za a iya cewa kwatancin bai yi adalci ba, tunda Kano birni ne mai miliyoyin mutane, Tebaram kuwa ƙaramar hukuma ce ta karkara, mai ƙauyuka a warwatse, ga matsalar tsaro da ta ƙuntata tafiye-tafiye a arewacin jahar, musamman tun bayan kashe-kashen yankin Tiliya na 2021. Maganar tana da nauyi. Jaridar Adar ba za ta taɓa rayuwa da ciniki kaɗai ba. Amma akwai tazara tsakanin tallafin da ke cike giɓi da tallafin da ke maye gurbin mai karatu. A ƙauye, kwafi ɗaya da aka karanta da babbar murya a fada ko a gindin bishiya yana isa ga mutane da yawa, saboda haka ƙidayar kwafi ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko masu sauraren sun haɗa kuɗi sun sayi na gaba.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Yau wayar salula ta canza lissafi. Saƙon murya na WhatsApp yana kai labarin Tebaram Abijan kafin a gama sallar magariba, gidajen rediyon karkara kuma, waɗanda suka fara yaɗuwa tun daga na Bankilare a 1999, suna sanar da suna da biki da ta'aziyya. Rubutu ba zai yi tsere da su a sauri ba. Abin da ya fi su da shi shi ne zama: ana ajiye shi, a koma masa, a kafa hujja da shi. Binciken da aka yi a ƙauyukan Doso da Damagaram a 2009 da 2010 ya nuna cewa manyan da aka haɗa musu koyon karatu da amfani da wayar salula sun fi sauran riƙe abin da suka koya, saboda sun samu dalilin karatu kullum. Dalilin karatu shi ne abin da jarida take sayarwa.

Adar kuwa ba ta rasa abin rubutawa ba. Ga tarihinta, wanda Djibo Hamani ya yi wa littafi da Faransanci a 1975, kuma jami'ar Tawa tana ɗauke da sunansa, amma jikokin mutanen da ya rubuta labarinsu kaɗan ne suke iya karanta shi. Ga kokowa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975. Ga aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984, da tassa ta yankin Badagishiri, da albasar Galmi. Ga kasafin ƙananan hukumomi, waɗanda tun zaɓen 2004 talaka yake jin sunansu amma bai cika ganin lissafinsu ba.

Ƙungiyar da ta yi niyyar fitar da takarda ta fara da shafi huɗu da za ta iya cika alkawarinsu kowane wata, ko da damina ko da rani. Ta sa mata kuɗi ko kaɗan ne, domin abin da aka saya shi ake adanawa. Ta ba malamin kowane ƙauye, na boko da na allo, matsayin wakili mai aiko da labari da wasiƙu, ta ware shafi guda ga ajami, ta ƙulla da rediyon yankin a riƙa karanta wani sashe. Ta bar Adaranci ya fito a bakin masu magana, ko da sharhin edita ya bi daidaitacciyar Hausa. Sama da kome, ta yarda ta buga wasiƙar da ke sukar rijiyar da aka gina ba ruwa, domin ranar da mai karatu ya gane cewa takardar ba ta faɗin abin da ya gani da idonsa, ranar ce zai daina gaskata abin da bai gani ba.

Magabata na shekarun 1960 sun tabbatar da cewa Hausar Adar tana rubutuwa. Aikin da suka bari shi ne a sa mutumin Tebaram ya tsaya a tasha ranar kasuwa ya tambayi direba ko jaridarsu ta iso.