Jitar Paul McCartney a faya-fayan Beatles

Duk wanda ya ga hoton ƙungiyar Beatles ta Liverpool ya san Paul McCartney da jitar bas ƙirar Höfner a rungume, wuyanta na fuskantar ɓangaren da ba a saba gani ba, domin shi bahago ne. Amma ba da bas ya fara ba. Jita mai tsirkiya shida ya fara kaɗawa. A 1957, a wasansa na farko da Quarrymen, ƙungiyar John Lennon wadda daga baya ta zama Beatles, an ba shi gurbin da jita ke magana ita kaɗai, sai hannu ya ƙage masa a gaban jama'a. Shi da kansa ya kawo abokinsa George Harrison ya riƙe gurbin. Da Stuart Sutcliffe, mai kaɗa musu bas, ya bar ƙungiyar a Hamburg a 1961, kowa ya ƙi bas, ta faɗo kan McCartney.

Sai a 1965 ya fara komawa ga jitar a fili. A faifan Help! shi ya kaɗa ta a “Another Girl” da ƙarshen “Ticket to Ride”, ya kuma rera “Yesterday” da jitar katako ba tare da sauran ukun ba, masu goge huɗu na mara masa baya. A dandali dole ya riƙe bas, amma a situdiyo ana ɗaukar sauti hawa-hawa, mutum ɗaya na iya zuba bas yanzu, an jima ya dawo ya ɗora jita a kai. Da suka daina yawon wasa a 1966, babu sauran abin da zai ɗaure masa hannu.

A wannan shekarar aka yi “Taxman”, wadda ta buɗe faifan Revolver. Waƙar Harrison ce, yana kukan harajin da gwamnatin Birtaniya ke yankar masu kuɗi, amma McCartney ne ya kaɗa jitar tsakiyarta da Epiphone Casino. Kiɗan bai kai rabin minti ba. Yana shigowa a fusace, ya haye sama, sannan ya gangaro da wata karkarwa irin ta sitar ɗin Indiya, wadda Harrison ke koyo a lokacin. Ya yi daɗin da aka kwafe shi aka sake liƙawa a ƙarshen waƙar. Ni a wurina babu kiɗan jitar lantarki a faya-fayan ƙungiyar da ya kai wannan zafi, sai ko nasa na “Good Morning Good Morning” a Sgt. Pepper na 1967.

Inda aka fi jin kunnen mai bas kuwa shi ne “Blackbird”, a farin faifansu na 1968. Shi kaɗai ne da jitarsa da bugun ƙafarsa. Babban yatsa na jan tsirkiyar ƙasa, manuni na jan ta sama, muryoyin biyu na hawa da sauka tare, wata tsirkiya a tsakiya tana amsawa ba ta canza murya. Ya ce daga wani kiɗan Bach da shi da Harrison ke gwadawa suna samari ya samo dabarar. Wanda ya shekara bakwai yana tunanin abin da ke tafiya a ƙarƙashin waƙa ne zai gina kiɗa haka.

Sai dai Harrison ya sha wuyar wannan baiwa, kuma bai kamata masoyan McCartney su kau da kai ba. Mutum ne da kiɗan jita ne aikinsa, amma sau da yawa akan gaya masa abin da zai kaɗa. A “Hey Jude” ya so jitarsa ta riƙa amsa kowane baiti, McCartney ya hana. A Janairun 1969 ya fice daga ƙungiyar na 'yan kwanaki, bayan tsamin dangantaka da McCartney da Lennon duka.

A “The End” ta faifan Abbey Road, cikin 1969, su ukun suka tsaya da jita suna karɓa-karɓa, zagaye uku: McCartney, Harrison, Lennon. Na McCartney kaifi gare shi, na Lennon gurnani ne zalla. Na Harrison ya fi su tsawon numfashi da daɗin lanƙwasa, kuma a wannan karon shi ya fi iya kaɗawa.