Jinjina ga Mata Masu Haɗa Kayan Girki a Gida

A Unguwar Rimi, Badarawa da Malali akwai matan da suka mayar da tsakar gida wurin sana'a. Suna haɗa kayan girki a ƙulle, mai saye ɗora tukunya kawai zai yi: garin ɗanwake da kukarsa da kanwarsa, garin kunun gyaɗa, yajin daddawa, tsakin dambu.

Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu! Wanda ya buɗe leda bai san wahalar da aka sha ba. Ranar Talata mai sana'ar tana kasuwar Kawo tana taya wake da rogo. Ta dawo ta zauna da faifai tana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ta surfa, ta wanke, ta shanya, idonta na sama saboda hadarin damina. Daga wurin niƙa sai tankaɗe, barkono na sa ta atishawa. Sannan ta auna, ta liƙe, ta ɗora hoto a WhatsApp, mai Keke Napep ya kai.

Malamar asibiti da ta taso aiki bayan magariba, da amaryar da hannunta bai faɗa ba tukuna, su suka san darajarta, musamman da azumi. Da ribar sana'ar nan take zubin adashi, take biyan kuɗin makarantar yara.