Vive la bombe!: Fim ɗin da ya manta da masu takaba

Fim ɗin Vive la bombe! na Jean-Pierre Sinapi (2006) ya ɗauko abin da ya faru ranar 1 ga Mayu 1962 a In Eker, arewa da Tamanraset, inda bam ɗin nukiliyar da Faransa ta gwada a cikin dutse ya yi ambaliyar ƙurar guba, ta lulluɓe sojoji har da ministoci biyu. Na yaba masa da ya tono abin da aka daɗe ana binnewa.

Sai dai ina da ja. Samarin sojojin Faransa kyamararsa take bi. Abzinawan Ahaggar da suka yi leburanci a wurin, ba labarinsu ake bayarwa ba. Haka ma matan da ciwon daji ya raba da mazajensu bayan shekaru.

A ganina, a wurin matan nan labarin yake. Sai a 2010 dokar Morin ta amince da diyya, kuma dole matar mamaci ta nuna mijinta yana yankin a lokacin, cutarsa kuma tana cikin jerin da hukuma ta yarda da shi. Har zuwa 2017 ana watsi da yawancin buƙatu, wai haɗarin bai taka kara ya karya ba, sai dai a garzaya kotu. Matar soja tana da takardun aikin mijinta. Matar lebura fa, da me za ta ɗaukaka ƙara?

Ku kalle shi, amma ku sani rabin shaidu ya kira.