Gani Ya Kori Ji? Tarken Finafinan Kwaikwayon Zahiri

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Satumba na shekarar 2019, a bikin finafinai na birnin Benis ta ƙasar Italiya, wani gajeren fim na minti 11 mai suna Daughters of Chibok, watau 'Yan Matan Chibok, ya ci kyautar labari mafi kyau a rukunin finafinan da ake kallo da tabarau na musamman. Joel Kachi Benson, ɗan Nijeriya, shi ya shirya shi. Wannan nasara ta jawo hankalin jama'armu ga wata fasaha wadda Turawa suke taƙaita sunanta da haruffa biyu, VR. A wannan maƙala za a kira ta kwaikwayon zahiri, domin aikinta shi ne ta kwaikwayi wuri har mutum ya ɗauka a cikinsa yake tsaye. Na'urar da ake ɗaurawa a fuska kuwa za a kira ta tabarau.

Manufar maƙalar ita ce auna wata da'awa da masu wannan fasaha suka daɗe suna yi, cewa wanda ya sa tabarau ya ga halin da wani yake ciki, to, ya ji abin da mai halin yake ji. Za a auna da'awar da finafinai biyu, sa'an nan da abin da harshen Hausa ya riga ya tanada game da gani da ji.

2.0 Na'urar da Asalinta

Tushen fasahar tsoho ne. Tun a 1838 Charles Wheatstone na Ingila ya nuna cewa idan aka ba kowane ido hoto ɗaya, hotunan biyu kuma suka ɗan bambanta kamar yadda mazaunin idanun ya bambanta, ƙwaƙwalwa takan haɗa su ta ga zurfi da nisa. A 1968 Ivan Sutherland ya ƙera tabarau na farko da ke haɗe da kwamfuta, mai nauyin da sai an rataye shi a rufin ɗaki. Amma fasahar ba ta kai hannun jama'a sosai ba sai bayan 2014, shekarar da kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus a kan kuɗi wajen dala biliyan 2.

Tabaran yau yana da ƙaramin allo da madubi a gaban kowane ido, da na'urori masu lura da motsin kai. Da mutum ya waiga, sai hoton ya waiga tare da shi. In hoton ya makara, ko da da ɗan ƙanƙanin lokaci ne, sai jiri da tashin zuciya su kama mai kallo, domin ido ya faɗi wani abu, jiki ya faɗi wani.

Wajibi ne a rarrabe iri biyu. Akwai wanda kwamfuta take zana wurin, mutum ya taka, ya miƙa hannu, ya ɗauki abu. Akwai kuma wanda ake ɗauka da kyamara mai ganin kowace kusurwa, inda mai kallo yake iya waiwaye kawai, ba ya matsawa, ba ya taɓa komai. Finafinan da za a tarka a nan na iri na biyu ne.

3.0 Inda Fasahar Ta Yi Rana

Adalci ne a fara da amfaninta, domin tana da shi. Tun a 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgin sama a ƙasa, wanda aka horar da dubban matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Hikimar ita ce ɗalibi ya yi kuskurensa inda kuskure ba ya kisa. Ita ce kuma aka ɗauko zuwa aikin likita. A wani bincike da aka buga a 2002 daga Jami'ar Yale, likitoci masu neman ƙwarewa da suka yi bita a na'urar kwaikwayo sun fi takwarorinsu saurin aikin cire matsarmama da kashi 29 cikin ɗari, kuma kurakuransu sun fi ƙaranci nesa ba kusa ba. A 1995 Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory da abokan aikinta sun nuna cewa ana iya rage wa mutum tsoron bisa ta hanyar hawar da shi tsayi na kwaikwayo sannu a hankali. A Jami'ar Washington kuwa an yi amfani da tabarau wajen ɗauke hankalin waɗanda suka ƙone daga raɗaɗi lokacin da ake wanke musu ciwo.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan misalai jikin mai tabarau ne abin nufi: hannunsa ake koya wa aiki, tsoronsa ake horarwa, raɗaɗinsa ake ragewa. Bahaushe ya ce jiki ya fi kunne ji, kuma a nan fasahar ta gaskata shi. Duk da haka bita ba ta zama aiki. Da hukumar kula da Masallatai Biyu masu Alfarma ta ƙaddamar da kallon Hajarul Aswadi ta tabarau a ƙarshen 2021, hukumar addini ta Turkiyya ta bayyana a 2022 cewa irin wannan ziyara ba ta tsayawa a matsayin aikin Hajji. Maniyyaci yana iya sanin hanya da ita, amma sai ƙafarsa ta taka.

Matsala tana tasowa ne yayin da aka ɗauki wannan nasara aka kai ta wani fage, aka ce tabarau zai ɗora wa mutum ciwon da ke jikin wani.

4.0 Finafinan Biyu

Na farko shi ne Clouds Over Sidra, wanda Gabo Arora da Chris Milk suka shirya wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015. Jigonsa rayuwar wata yarinya 'yar Siriya mai shekara 12 a sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari a ƙasar Jodan. Mai kallo yakan tsinci kansa a makwancinta, da ajinsu, da gidan burodi, da filin da 'yan mata suke buga ƙwallo. An nuna shi ga attajirai da shugabanni a taron Dabos na wannan shekara, kuma a cikinta ne Milk ya yi jawabin da ya laƙaba wa fasahar sunan injin sa tausayi.

Na biyu shi ne na Benson. A ranar 14 ga Afrilu, 2014, 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a Jihar Borno. Wasu 57 suka kuɓuta da kansu, aka sako 21 a 2016, da 82 a 2017. Lokacin da aka yi fim ɗin, 112 ba su dawo ba. Benson bai nuna harin ba, bai nuna dajin ba. Ya tsaya ga uwa guda, Yana Galang, shugabar mata a cikin iyayen yaran, wadda take wanke tufafin 'yarta tana adanawa domin ranar da za ta dawo. Jigon fim ɗin jira ne, kuma wannan zaɓi shi ne babban abin yabo a gare shi, domin ya ƙi sayar da jini da hayaƙi, ya kama abin da ya rage bayan 'yan jarida sun watse.

4.1 Zubi da Tsari

A fim na al'ada, mai shiryawa shi ke riƙe da idon mai kallo. Yana matso da fuska kusa, yana yanke wannan hoto ya liƙa wancan, kuma da waɗannan dabaru yake gina ma'ana. A kwaikwayon zahiri yawancin wannan iko ya kuɓuce masa. Kyamara a kafe take, fitowa takan yi tsawo domin yawan yanka yana kawo jiri, mai kallo kuma yana da 'yancin juya wa mai magana baya ya tsaya kallon bango. To, da me za a riƙe shi? Da murya. A finafinan nan biyu, maganar da ke shiga kunne ita ce igiyar da ta ɗaure fitowa da fitowa. In aka kashe sauti, abin da zai saura shi ne ɗakuna da filaye da mutanen da ba a san damuwarsu ba. In kuwa aka rufe ido aka bar sauti, labarin yana nan da ransa. Tufafi a cikin ruwa wanki ne kawai, sai an ji na wane ne kafin su zama abin kuka.

Nan ne kuma raunin Clouds Over Sidra ya fito. Muryar da take ba da labarin da Turanci take magana, alhali yarinyar Balarabiya ce. Watau an kawo wa mai kallo wurin kamar yadda yake, amma harshen, wanda shi ne mazaunin tunanin yarinyar, an musanya shi domin sauƙin baƙo. Fim ɗin da yake alfahari da cewa ya kawar da shamaki ya bar shamaki mafi kauri, ya kuma ɓoye shi.

4.2 Matsayin Mai Kallo

Wanda ya sa tabarau ya duba ƙasa, ba zai ga ƙafafunsa ba. Yana tsakiyar ɗakin mace, yana ganin shimfiɗarta da kwanukanta, ita kuwa ba ta ganinsa, tamkar mai layar zana. A al'adarmu, wanda ya zo gidan da aka yi rashi yakan yi sallama, a ba shi izini, ya zauna, ya yi jaje, a amsa masa. Kowane ɗayan waɗannan matakai yana ɗora masa nauyi. Mai tabarau ya shiga ba sallama, ya fita ba bankwana, kuma da ya gaji sai ya cire. Uwar da ke jiran 'yarta ba ta da abin cirewa. Saboda haka matsayinsa na ɗan kallo ne, ko da hawaye ya zubo masa, kuma haɗarin shi ne ya ɗauki hawayen nan a matsayin ya sauke nauyi.

5.0 Gani da Ji a Hausa

Masu tallar fasahar, da sun san Hausa, da sun kafa hujja da karin maganar nan, gani ya kori ji. Sai dai jin da gani yake kora shi ne jita-jita, labarin da ba shi da tabbas. Kalmar ji ta fi haka faɗi. Da ita Bahaushe yake jin sauti, da ƙanshi, da ɗanɗano, da sanyi, da yunwa. Da ita yake jin kunya da tausayi. Wanda ya fahimci harshe, an ce yana jin Hausa. Yaron da ya ɗauki tarbiyya, an ce yana jin magana. Gani ƙofa ɗaya ce, sauran ƙofofin duk ji ya tattara su, har da fahimta da aiki da abin da aka fahimta. Shi ya sa mai tatsuniya in ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sukan amsa da cewa ta zo mu ji ta. A cikin duhu ake yin ta, ba hoto ko ɗaya, amma har tsufa ba a manta da ita.

Bincike ya zo daidai da wannan rarrabewa. A 2021 Alison Martingano da abokan aikinta suka tattara sakamakon nazarce-nazarce 43, suka gano cewa kwaikwayon zahiri yana motsa zuciya, amma bai ƙara wa mutane iya fahimtar yadda wani yake kallon al'amari ba, kuma bai fi karanta labarin mutum ko sawwara halinsa tasiri ba. Dalilin a bayyane yake. Mai karatu da mai sauraro su suke gina ɗakin da kansu a cikin zuciya, wannan wahala kuwa ita ce take koya musu zama a mazaunin wani. Mai tabarau an gina masa, an kai shi.

Akwai kuma batun taro. Majigin da aka riƙa zagayawa da shi garuruwan Arewa tun zamanin Turawa a fili ake kafa shi, da mai sharhi yana bayani da Hausa, jama'a suna kallo tare, su tashi suna muhawara. Tabarau mutum ɗaya yake ɗauka, ya raba shi da na kusa da shi. Labari irin na Chibok kuwa, wanda maganinsa yana hannun al'umma da hukuma, a bainar jama'a ya fi bukatar a ji shi.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa kwaikwayon zahiri yana da amfani tabbatacce inda ake son horar da jikin mai amfani da shi, da inda wuri shi ne darasin. Ta wannan fuska manazarta al'ada suna da rabo a ciki. Bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da rijiyoyin rini na Ƙofar Mata a Kano, abubuwa ne da hoto shimfiɗaɗɗe ba ya ba su haƙƙinsu, kuma ginin ƙasa ba ya jiran kowa. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su yi tunanin adana su ta wannan hanya, tare da muryoyin magina da marina suna bayani da harshensu.

Amma da'awar injin sa tausayi ba ta tsaya da ƙafarta ba. Fim ɗin Benson ya cancanci kyautarsa saboda ya sami uwar da take da abin faɗi, ya kuma yi haƙurin saurarenta, wannan kuwa tsohuwar fasaha ce da ta girmi kyamara. Malamin da zai kai irin waɗannan finafinai aji, ya dace ya tambayi ɗalibansa abin da suka gani, sa'an nan ya tambaye su abin da suka ji, da bakin wanda suka ji shi, da harshen da aka faɗe shi. Ganin ɗaki abu ne mai sauƙi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma sai ya faɗa ake sani.