Zauren Zariya: Yadda Ake Sauke Baƙo, Daga Tudun Wada Zuwa Gindin Dutse

A gidan da na tashi a Tudun Wada, ba a saka wa zaure sakata sai dare ya raba. Akwai tabarmi biyu a naɗe a kusurwa, da buta, da randa da moɗa a kanta, kuma duk gidan babu mai cewa nasa ne. Kayan baƙo ne, ko da ba a san ranar zuwansa ba. Wani daren sai ka ji sallama bayan isha'i, mutum da ƙunshi a ka, ya ce daga Kauru yake ko daga Giwa, ya kawo mara lafiya asibiti, wani a tasha ya kwatanta masa gidan nan. Mahaifinmu ba ya tambayarsa komai sai ya sha ruwa. Daga nan ya leƙa cikin gida ya ce, "A fito da tuwo, mun yi baƙo." Mu yara mun san ma'anar wannan magana: malmala ɗaya za ta ragu a kwanonmu.

Mutane sukan kira wannan kirki, su tsaya nan. Kirkin yana nan, ban musa ba. Sai dai na daɗe ina ganin cewa saukar baƙo a ƙasar Hausa tsari ne cikakke, mai gininsa, da masu muƙaminsa, da wa'adinsa, har da ribarsa. Wanda ya ɗauke shi kyawun zuciya kawai ba zai gane abin da ya sa ya ɗore ɗaruruwan shekaru ba, ba kuma zai gane abin da ke cinye shi yanzu ba.

A fara da ginin. Maginin Hausa yana saka zaure a bakin titi, sannan ya karkatar da ƙofar ciki yadda wanda ke zaune ba zai hango tsakar gida ba. A manyan gidaje akwai fili bayan zauren, da ɗakin samari ko na baƙi, sai shigifa, sannan a kai ga inda mata suke. Ke nan baƙo ya shigo gida, amma bai kai cikin gida ba. Ya samu inuwa da shimfiɗa da abinci, mai gida kuma ya samu lokacin da zai karanci mutumin: yadda yake alwala, yadda yake cin abinci, irin hirarsa, da wanda yake ambata in ana zancen garinsu. Zaure yana karɓa, yana kuma tsarewa, a lokaci guda. Karin maganarmu ma haka ta rabu biyu. Mun ce baƙonka annabinka, mun kuma ce baƙo raɓa ne. Ta farko ta ɗora maka nauyinsa, ta biyu ta tuna masa cewa hantsi zai yi. Addini ya yanka wa'adin: liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa.

Wannan tsari fatauci ne ya raine shi har ya girma. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da sauran birane da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, ta Nikki da Jugu har Salaga. Madugu ke jagorancin ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki yana tattara kuɗin fito da ake biyan sarakunan ƙasashen da aka ratsa. Inda ayari ya saba yada zango, a hankali sai rumfuna su zama ɗakuna, mata masu sayar da abinci su zauna, malami ya kafa tsangaya, a naɗa sarkin zango. Sunayen suna nan a taswira: Zangon Aya a Igabi, Zangon Daura, Zangon Katab. A Gana kuwa kalmar ta zama sunan duk unguwar baƙi Musulmi, daga Kumasi har Akara, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar garin suka bazu a wasu wurare.

A cikin gari kuma akwai fatoma. Shi ne mutumin da ya fi jan hankalina a duk wannan tarihi. Falke ya iso garin da bai san kowa ba, da dukiyar da ta fi ƙarfin aljihu, ga shi ba banki ba 'yan sanda. Sai ya sauka gidan fatoma. A nan zai kwana, a nan zai ci, a nan za a ajiye masa kaya da kuɗi. Yaran fatoma su nemo masu saye, shi kuma ya tsaya a tsakani. In an sayi kaya bashi, fatoma ne ya lamunce. In mai saye ya gudu, shi zai biya. Ba a karɓar kuɗin kwana, amma akwai la'ada a kan ciniki, kuma baƙon da ya ji daɗi zai dawo baɗi da ɗan'uwansa. Abner Cohen, mai binciken da ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya tarar cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu kacokan a kan irin waɗannan masu gidaje yake tafiya. Mahauta na ɗaukar shanu bashi, mai shanun da ya zo daga Arewa bai san su ba, mai gidansa kaɗai ya sani. Jarin mai gida sunansa ne. Ranar da aka ce kayan baƙo sun ɓata a gidansa, ranar ya karye.

To, da wannan idon nake kallon Tudun Wada. Turawa sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911, garin ya cika da masu neman aiki da ciniki. Sai aka raba wa kowa wurinsa. Birni, cikin ganuwa, na Zazzagawa. Sabon Gari, kusa da tashar jirgi, akasari na mutanen Kudu. Tudun Wada kuma, daga fita Ƙofar Doka zuwa gaɓar Kubanni, na 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba: Katsinawa, Kanawa, Nufawa, Barebari, Sakkwatawa. Ko 'yan mishan ɗin da suka fara zama cikin birni tare da Dokta Miller, daga baya Wusasa suka koma, a gindin dutsen Kufena, wajen 1929. In ka dubi fasalin da kyau, gidan Bahaushe ne aka shimfiɗa a faɗin gari. Birni ne cikin gida, Tudun Wada ce zaure.

Kuma zauren ya yi albarka. Abubakar Imam, haifaffen Kagara wanda ya yi karatu a Katsina, baƙo ya zo Zariya. Ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939, ya zauna a garin har rasuwarsa a 1981. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 ya jawo marubuta da masu ɗab'i daga ko'ina. Makarantar Kongo ta horar da akawuna da alƙalai da ma'aikatan En'e na duk Arewa tun kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962. Da yawa daga cikin waɗannan mutane a zauren wani suka yi kwanansu na farko. Har zuwa lokacin da na yi wayo, ɗalibi daga Gwambe ko Bida kan zo da wasiƙa daga mahaifinsa zuwa ga wani tsohon aboki, a ba shi ɗaki a waje, ya yi shekara uku yana cin tuwon gidan ba a taɓa yi masa lissafi ba. Abin da ake nema gare shi ya koya wa ƙannen gida karatu da dare, ya kuma riƙe zumunci in ya zama wani abu.

Amma akwai tambayar da tsarin bai taɓa amsawa sosai ba, kuma ita ke damuna: yaushe baƙo ke daina zama baƙo? Wa'adin kwana uku ya dace da matafiyi. Bai ce komai ba a kan wanda ya gina gida, ya haifi 'ya'ya, ya binne iyayensa a garin. Na san gidaje a Tudun Wada da kakansu ne ya zo a zamanin jirgin ƙasa, jikokin ba su san ko hanyar garin asali ba, amma ranar neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma sai a tambaye su, "Asalinku 'yan ina ne?" A nan abin yakan tsaya a ɓacin rai. A wasu wuraren ya kai ga jini. Zangon Katab, a ƙasar duwatsun kudancin tsohuwar masarautar Zazzau, zangon fatake ne da ya zama garin Hausawa a tsakiyar ƙasar Atyap. Hausawan sun yi zuriya bayan zuriya a wurin, ba su da wani gida. Atyap kuma suna riƙe da tsohon ƙorafi a kan gonaki da haraji da hakiman da ake turo musu daga Zariya. A Fabrairun 1992 rikici ya tashi kan mayar da kasuwa wani wuri, a watan Mayu ya sake ɓarkewa da muni, har wutar ta kai Kaduna da Zariya, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka. Kowane ɓangare yana ganin shi ne mai gida. Al'adar da ta san yadda za ta shimfiɗa wa mutum tabarma ba ta tanadi yadda za a raba gado da jikansa ba.

Wasu abokaina suna ganin kuɗi ne ya ɓata al'adar, wai tun da otal ya shigo aka daina saukar baƙo don Allah. Ban yarda da su duka ba.  Fatoma ma ai ba don lada kaɗai yake yi ba. Abin da ya riƙe tsarin shi ne sani: wani ya san wani, wanda ya san wani. Baƙo yana zuwa da sunan wanda ya turo shi, kuma sunan nan jingina ne. Abin da ya tsinke ke nan. Gari ya yi girma har maƙwabci bai san maƙwabci ba, fili ya yi tsada har magada sun fasa zaure sun fitar da shaguna, sababbin gidaje kuma da get ɗin ƙarfe ake gina su, ba inda mutum zai zauna in ba falo ba, falo kuwa cikin gida ne. Sannan ga tsoro. Tun da satar mutane ta addabi hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa da Igabi, aka kuma tare jirgin Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022, kalmar "infoma" ta shiga bakin kowa. Masallatan da matafiyi ke kwana a da, yanzu ana kulle yawancinsu bayan isha'i. Ba na ganin laifin kowa a nan. Wanda aka taɓa ɗauke wa ɗa ba za ka yi masa wa'azin buɗe ƙofa ba.

Da damina biyu da suka wuce na je gaisuwar rasuwa wani ƙauye a yankin Kauru. A hanyar dawowa babur ɗin da na hau ya lalace a gindin wani dutse, ga hadari ya haɗo, ga magariba ta kawo kai. Muka tura shi zuwa wata 'yar unguwa mai gidaje da ba su fi goma ba. Wani dattijo na zaune a bakin zaurensa yana gyaran fartanya. Na yi sallama, ya amsa, ya daɗe yana dubana, ya dubi jakata, ya dubi ɗan acaɓan.

"Malam, daga ina?"

"Daga Zariya, Baba. Tudun Wada."

Ya tambayi gidan da na je gaisuwa, na faɗa. Ya tambayi sunan mamacin da na babban ɗansa, na faɗa. Sai ya kira wani yaro ya raɗa masa magana, yaron ya ruga cikin yayyafi. Na san wurin mai unguwa aka aike shi, shi ma dattijon ya san na sani. Duk da haka bai jira dawowar yaron ba. Ya miƙe ya warware tabarma, ya kawo ruwa a kwanon sha, ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam, zamani ne ya kawo tambaya. Da can sai ka ƙoshi za a ji sunanka."

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da ɗan man shanu a gefe, na kuma lura kwanon da aka ajiye mana ya fi wanda aka kai wa yaran gidan. Mai unguwa ya zo da tocila, ya duba katina, ya buga waya ƙauyen da na fito, sannan ya zauna aka yi hirar taki da farashin masara har ruwa ya ɗauke. Da dare na ji dattijon ya jawo tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ya kwanta a nan, sandarsa a gefe.

Da asuba na ciro kuɗi na miƙa masa. Ya mayar da hannunsa baya, ya ce in ba yaron da ya nemo mai gyaran babur. Matarsa ta aiko da ɗanyar gyaɗa a ƙullin leda, guzuri. Ya rako mu har inda hanya ta rabu a bayan dutsen, ya nuna wa ɗan acaɓan wadda ba ta bi ta cikin daji ba, ya tsaya a wurin har muka sha kwana.