Inkscape ta gama mini komai

Wallahi tun da na fara zanen gine-gine ban taɓa ƙaunar wata manhaja kamar Inkscape ba. Kyauta ce, ko sisi ba ka biya, amma abin da take yi wa zanen da na fito da shi daga AutoCAD sai wanda ya gani!

Duk mai wannan sana'a ya san ciwon. Ka kwana kana jan layi, komai daidai har milimita, ka kai wa mai gida, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Malam, ina zauren yake?" Kuma gaskiyarsa. Siraran layukan nan magini ne ke karanta su, mai kuɗin ginin so yake ya ga gidansa.

Inkscape ba ta buɗe fayil ɗin DWG na AutoCAD kai tsaye, don haka sai in adana zanen a DXF, tsarin da Autodesk ya fito da shi tun 1982. Kafin nan nakan farfasa ƙofofi da tagogin da ke dunƙule, saboda ba duka take ganewa a dunƙulensu ba. Sai babban sirrin, wanda nake gaya wa duk yaron da ke koyo a wurina: ka buɗe fayil ɗin da kansa, kada ka shigo da shi cikin wani shafi. In ka buɗe, leya-leyarka za su zo yadda ka tsara su, bango daban, ƙofofi daban, rubutu daban. Ranar da na fara ganin haka, miƙewa na yi tsaye don murna.

Daga nan kuma sai daɗi. In cika bangon bulo inci tara da baƙi mai kauri, na inci shida in sassauta masa. In ɗauki bokitin fenti in zuba wa tsakar gida launin jar ƙasa, tayil ɗin falo ruwan madara. In kwafi bangon, in ɗan gusar da shi gefe, in dusashe shi, sai ga inuwa ta kwanta kamar ta la'asar sakaliya. Darbejiya guda a kusurwa, kore shar. Kuma da yake zanen layi ne ba hoto ba, ko a takardar A1 ka buga, gefen bangon nan yana nan tsaf kamar an yanka da reza. Kai, mutanen da suka ɗauko aikin Inkscape tun 2003 suna yinsa don kowa ya amfana, Allah ya saka musu da alheri.

Makon jiya na kai wa wani dattijo zanen gidansa. Ban ce uffan ba. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa ƙarƙashin darbejiyar ya ce, "Ɗana, nan za a riƙa shimfiɗa mini tabarma." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."